Inuwar Auwalu Mai Katako

Sunansa Aulis Ratilainen.
Harshen 'yan dako ya yi tuntuɓe da shi sau uku,
sai suka sauke rabin kayan, suka ce Auwalu.
Ya amsa, har ranar da ya bar Bursudan.

Daga Finlan ya zo, in ji kakana Tanimu,
ƙasar da tafki ke daskarewa har doki ya taka,
rana ta yi wata biyu tana fushi ba ta leƙo ba.
Kakana bai yarda ba.
Ya ce, "To su da me suke gane Azahar?"

Katako yake kawowa, da ashana, da takarda dami-dami,
ya loda ƙaro da riɗi, jirgi ya juya.
Ciniki yake yi kamar mai shan maɗaci,
a runtse ido, a haɗiye, a wuce wurin.
Amma da rana ta sassauta wa Bahar Maliya
sai ya kife littafin bashi,
ya rataya kyamara a wuya kamar laya,
ya bi layin masu jiran jirgin Jidda.

Bai ɗauki gwamna ba.
Ya ɗauki tafin ƙafar wata tsohuwa, Kande,
da ta tako daga Haɗeja shekara bakwai,
faso ya zana mata duk hanyar a dunduniya.
Ya ɗauki mai shayi yana hamma,
da akuya tana cin rasiɗin kwastan,
da kafaɗar kakana, inda igiya ta yi gida.

Da dare, a bayan sito, cikin ɗakin da ya toshe da buhuna,
zafi kan narka masa fuskokin mutane a tasa,
sai ya aiki kakana sayen ƙanƙara.
Wanda aka haifa a kan ƙanƙara kyauta,
ga shi yana sayenta da awo, yana lallashinta.
Kakana na tsaye gefen jar fitila
ya ga farar takarda ta yi ido, ta yi hanci,
ta zama Jatau mai ɗinkin buhu.
Daren farko ya ce a'uzubillahi.
Dare na biyu ya ce, "Bar ta a ruwa, gemun bai fito ba."

Duk maniyyacin da aka ce sai da hoto a takardarsa
nan yake zuwa, a zaunar da shi jikin farin zane,
ba a karɓar ko ƙirshi.
Akawu ya yi magana har ya gaji.

Gara ba ta san Bature ba.
Ta shiga sito ta ƙasa, shiru,
ta ci katakon shekara guda ta bar masa fatar.
Jirgi ya makara, ƙaro ya faɗi,
masu bin bashi suka koyi faɗin sunansa daidai.

Da jaka ɗaya ya hau jirgi.
Ladan wata uku da kakana ke bin sa,
da akwatin kwano ya biya.
Kakata Ladi ta buɗe, ta rufe,
ta ce, "Hoto ake tuƙawa?"

Jiya na zazzage shi a kan tabarma.
Fuska ɗari huɗu da goma sha ɗaya,
babu tasa ko ɗaya.
Ga ɗan ƙaramin na kakana, na takardar tafiya,
ba a taɓa manna shi ba.
Jidda na tsallaken ruwan nan, kwana ɗaya,
ya rasu yana cewa baɗi.

Sai can ƙasa, wani da gefensa ya ci tsatsa:
kakana a bakin tasha, yana dariya da wani abu,
wata doguwar inuwa mai buɗaɗɗun gwiwar hannu
ta kwanta a kan ƙafafunsa.
A baya akwai rubutu, layi biyu,
haruffa masu ɗigo bibbiyu a ka.
Na kai wa malamin makaranta, na kai wa ma'aikacin jirgi.
Har yau ban sami mai karanta mini ba.